Darasin Kuɗi da Mudun Jarrabawa

Gabatarwa

Duk shekara, idan lokacin jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya ya zo a Jamhuriyar Nijar, hukuma kan ɗauki matakan da ke nuna da gaske take a kan adalci. Tambayoyi iri ɗaya ake yi wa kowa, a rana ɗaya, a sa'a ɗaya, tun daga Diffa har Tillaberi. Ana ɓoye sunan ɗalibi a takardarsa don kada mai dubawa ya san ɗan wane ne. Ana hana shiga ɗakin jarrabawa da waya, wanda aka kama da satar amsa kuma a hukunta shi. Babu mai hankalin da zai soki waɗannan matakai. Abin da ke damun mai lura shi ne, adalcin da ake tsarewa da tsanani a waɗannan ƴan kwanaki an riga an yi cinikinsa a watanni taran da suka gabace su, da rana tsaka, kuma babu wanda ya tanka.

Kasuwar da ake wannan ciniki ita ce ta darasin kuɗi, wato ƙarin karatun da iyaye ke biya a yi wa ƴaƴansu bayan an tashi daga makaranta. A Yamai da Maraɗi da Damagaram ana ce masa kur, kalmar da aka aro daga Faransanci. A Kano da Zariya kuwa ana ce masa lesin, daga Ingilishi. Sunan ya bambanta, hajar ɗaya ce. Matsayin wannan rubutu shi ne: darasin kuɗi, a yadda yake gudana yanzu, ya mayar da jarrabawa mudun auna aljihun uba, alhali an kafa ta ne don auna ƙoƙarin ɗa. Babban alhakin hakan kuwa yana wuyan hukumar da ta bar aji ya lalace, ta kuma ci gaba da cewa ilimi haƙƙin kowa ne.

Abin da Ake Nufi da Darasin Kuɗi

Kafin a shiga muhawara, ya kamata a tantance abin da ake magana a kai. Ba ana nufin yayan da ke zama da ƙaninsa bayan magariba yana nuna masa lissafi ba, ko ɗaliban da ke haɗuwa a gindin fitilar titi suna bita tare. Ana nufin karatun da ya haɗa siffofi uku: ana biyan kuɗi, ana yin sa a wajen lokacin makaranta, kuma darussan da ake koyarwa su ne waɗanda makaranta ke koyarwa, ake kuma jarrabawa a kansu.

A 1999 masanin ilimi Mark Bray ya wallafa wani ɗan littafi a cibiyar tsare-tsaren ilimi ta UNESCO da ke Paris, inda ya kira wannan harka tsarin ilimi na inuwa. Dalilin sunan shi ne, darasin kuɗi ba shi da manhajar kansa: makaranta yake bi sau da ƙafa, idan ta sauya manhaja ya sauya, idan ta faɗaɗa ya faɗaɗa. A 2021 ya sake fitar da wani nazari a kan nahiyar Afirka kaɗai, wanda ya nuna cewa harkar ta daɗe da wuce ƙasashen Asiya da aka fi saninta da su.

A ƙasashen Hausa da maƙwabtansu darasin kuɗi kan zo da fuska uku. Akwai malamin da ke zuwa gida ya koyar da yaro ɗaya ko biyu, shi ne mafi tsada. Akwai cibiyoyin da ke tara ɗalibai da yamma, da ƙarshen mako, da lokacin dogon hutu. Akwai kuma malamin aji da ke tara ɗalibansa na safe ya sake koyar da su da yamma a kan kuɗi, wani lokaci a cikin ajin gwamnatin kansa. Dukkansu suna da illa ga daidaito, amma na ukun ya fi muni, kuma za a zo kansa.

Sai Bango Ya Tsage

Iyaye ba sa zubar da kuɗinsu don nishaɗi. Idan magidancin da ke fama da cefane ya ware wani abu don kur, to ya tabbata ne cewa abin da ɗansa ke samu a aji ba zai fitar da shi ba. Kuma yana da hujja.

Dokar da ke tsara ilimi a Nijar, wadda aka zartar a watan Yunin 1998, ta ce ilimi haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. A daidai wannan lokaci ne kuma ƙasar ta fara ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda daga baya suka zama malaman kwantaragi, don a cika azuzuwa da kuɗi kaɗan. An samu abin da ake nema ta fuskar yawa: yara sun shiga makaranta fiye da da. Amma cikin ƴan shekaru sai ƴan kwantaragi suka zama su ne mafi rinjaye a firamare, da yawansu ba su samu cikakken horo ba, abin da ake biyan su bai kai na ma'aikacin dindindin ba, kuma sau da yawa yakan yi jinkiri. Jinkirin biya kan haifi yajin aiki, yajin aiki kuma ya cinye makonnin karatu.

Ga kuma matsalar azuzuwan zana. Dubban azuzuwa a ƙasar da kara da zana ake yin su, ba a samun kayan kafa su sai an yi girbi, kuma da damina ta kunno kai sai a watse. Ke nan shekarar da a takarda take farawa a Oktoba ta ƙare a Yuni, a irin waɗannan makarantu an gutsure ta gaba da baya. Gobarar da ta ci rayukan yara ashirin a wata makarantar Yamai a Afrilun 2021, da wadda ta ci fiye da haka a Maraɗi a Nuwamban wannan shekara, sun tuna wa duniya irin ɗakunan da ƴaƴan talakawa ke karatu a ciki. Abin da ba a cika ƙirgawa ba shi ne sa'o'in karatun da waɗannan azuzuwa ke cinyewa kowace shekara ba tare da hayaƙi ba.

Sakamakon bai ɓuya ba. Binciken PASEC, wanda ke auna ɗaliban ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna a 2014 cewa a Nijar ƙasa da ɗalibi ɗaya cikin goma ne ke kai matakin da ake buƙata a karatu a ƙarshen firamare. A 2019 an samu ci gaba, adadin ya kai kimanin uku cikin goma, wato har yanzu bakwai na baya. A 2021 kusan ɗaya cikin biyar ne kacal na waɗanda suka zauna BEPC suka ci. A wurin da huɗu cikin biyar suka faɗi, duk uban da ke da hali zai nema wa ɗansa mafita, kuma ba za a ga laifinsa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tambayar ita ce, wa aka ba amanar bangon?

Lissafin Tazara

Masu kare darasin kuɗi kan yi magana kamar ɗan ƙari ne kawai, irin gishirin da ake barbaɗawa a kan abincin da ya riga ya dahu. Lissafi ya ƙaryata wannan. A ƙaddara ɗalibi yana samun sa'a biyu na ƙarin darasi a rana, kwana biyar a mako, na tsawon mako talatin. Sa'a 300 ke nan a shekara. Idan ya yi haka a shekaru huɗun kwaleji, ya tara sa'a 1,200 da abokin zamansa a benci bai samu ba. Waɗannan sa'o'i kuma sun fi na aji albarka, domin a cikinsu yana iya tambaya a amsa masa, a duba aikinsa a gyara, abin da ba ya yiwuwa a ajin da ke da ɗalibai tamanin ko ɗari. Ranar jarrabawa sai a zaunar da su biyun a ɗaki ɗaya, a ba su takarda ɗaya, a ce wanda ya fi ƙoƙari ya yi nasara.

Sannan a duba kuɗin. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun daga 2024 jika 42 ne a wata. A ƙaddara ana biyan jika goma a wata don darasi ɗaya. Ɗalibin da ke shirin BEPC yana buƙatar aƙalla lissafi da Faransanci da kimiyya, jika talatin ke nan a kan yaro ɗaya, a ƙasar da ke cikin mafi yawan haihuwa a duniya. Mai gadi ko lebura ba zai ko fara wannan lissafi ba. Manomin da kuɗi ba sa shiga hannunsa sai da kaka kuwa, maganar ba ta ma shafe shi ba.

Tazarar ba ta tsaya a kan kuɗi ba. Ɗan ƙauye, ko da ubansa ya sayar da rago ya samu abin biya, ina malamin? Masu digiri da ɗaliban jami'a da ke wannan sana'a a birane suke. Ina hasken da zai yi bita da dare, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da wutar lantarki? Ƴa mace kuma nata ya ninka. Idan kuɗin gida bai isa a biya wa kowa ba, sananne ne wanda ake fara zaɓa. Lokacin da ake kur, tsakanin la'asar da isha, shi ne lokacin da ake jiran ta a madafa da bakin rijiya. Iyaye da yawa kuma ba za su yarda budurwa ta fita da dare zuwa wurin malami namiji ba, kuma ba a ce tsoronsu ba shi da tushe.

Akwai wata tazarar da ta kamata ɗalibin Hausa ya fi kowa lura da ita, wato ta harshe. Yaron da ya tashi da Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci yana shiga aji ya tarar da Faransanci, harshen da ba a yi da shi a gidansu. Ɗan ma'aikaci yana jin sa a bakin iyayensa da talabijin, ga kuma malamin gida. Abin mamaki, babban abin da malamin kur ke yi wa ɗalibin da ya kasa gane darasi shi ne ya sauko ya yi masa bayani da harshen da yake ji. Wato bayanin da aji ya hana yaro da safe saboda tsarin koyarwa, shi ake sayar masa da yamma. Nijar kuwa ba baƙuwa ba ce ga maganin wannan: tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Fiye da shekaru hamsin ke nan, mafi yawan yara ba su ga amfanin gwajin ba.

Malamin da ke Sayar wa Ɗalibinsa

Idan malamin da ke koyar da yaro da safe shi ne ke karɓar kuɗinsa da yamma, an haɗa abubuwa biyu da ba su kamata su haɗu a hannu ɗaya ba. Ribarsa ta yamma ta dogara ne a kan gazawarsa ta safe. Duk abin da ya bayyana sarai a aji, ya rage wa kansa kasuwa. Ba sai ya zama mugun mutum ba kafin wannan ya yi tasiri a kansa. Ya isa a ce gajiya ta sa ya riƙa adana ƙarfinsa don ajin da ke biya. Inda abin ya ƙazanta, sai a ga babi mai wuya ana tsallake shi da safe a ajiye wa ƴan yamma, ko tambayoyin gwajin aji su fito daga abin da aka yi a kur.

A irin wannan hali, kuɗin da uba ke biya ya tashi daga kuɗin karatu ya koma kuɗin kariya. Yana biya ne don kada a manta da ɗansa, don kada a dube shi da wani ido. Makin da malami ke bayarwa a cikin shekara shi ke yanke wanda zai wuce aji na gaba da wanda zai maimaita ko a kore shi, saboda haka ƙin biya yana da haɗari, kuma kowane uba ya san haka ko da ba a faɗa masa ba.

Ɓarnar da ta fi wannan daɗewa ita ce darasin da yaro ke ɗauka daga abin da idonsa ke gani. Yana koyon cewa aikin da gwamnati ta ɗauki mutum ya yi, ba ya cika sai an ƙara masa wani abu a gefe. Yaron nan gobe shi ne ma'aikacin asibiti, shi ne jami'in kwastan, shi ne alƙali. Al'ummar da ke kukan cin hanci ta duba inda ake ba da darasinsa na farko. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Wanda ya karɓi albashi a kan koyar da aji, ajin gaba ɗaya yake bin sa bashi.

Hujjojin Masu Karewa

Hujja ta farko ita ce ta ƴanci: kuɗin mutum ne, ɗansa ne, wa zai hana shi? Gaskiya ne, kuma wannan rubutu bai nemi a hana shi ba. Amma gurbin lise da na jami'a da tallafin karatu da aikin gwamnati ba na uban kowa ba ne, dukiyar al'umma ce da ake rabawa ta hanyar jarrabawa. Sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta 1948, a sashe na 26, ta ɗora shiga ilimi mai zurfi a kan cancanta. Idan cancantar ta zama abin da ake saye, to manomin da ke biyan haraji yana ɗaukar nauyin jami'ar da aka tsara hanyar shigarta yadda ɗansa ba zai kai ba. Ƴancin mai kuɗi ya kashe kuɗinsa bai ɗauke wa hukuma nauyin kare rabon marar kuɗi ba.

Hujja ta biyu daga al'ada ake ɗauko ta: ai ko malamin allo ana kai masa kuɗin Laraba. Wannan kwatanci ya fi cutar da masu kawo shi. Kuɗin Laraba gwargwadon hali ne, kuma a al'adar da aka gada ba a san malamin da ke biya wa ɗan mai kuɗi allonsa cikakke ya biya wa ɗan talaka rabi ba. Malaman zaure sun shekara aru-aru suna karantar da fiƙihu da nahawu ga duk wanda ya zo da littafinsa ya zauna, attajiri da almajiri a tabarma ɗaya. Wannan al'ada hujja ce a kan darasin kuɗi.

Hujja ta uku ita ce mafi nauyi: malami na cikin talauci, kur ne ke rufa masa asiri. Wannan gaskiya ce da ba ta da musu, kuma duk wanda zai zagi malamin da ya yi wata biyu bai ga haƙƙinsa ba, ya bar jaki yana dukan taiki. Amma a duba abin da hujjar ke nufi idan aka bi ta har ƙarshe. Tana nufin hukuma ta rage albashin malami, ta bar shi ya karɓo cikon daga hannun iyaye. Haraji ne da ba majalisar da ta zartar da shi, ba shi da rasit, kuma wanda ya kasa biya ɗansa ake hukuntawa. Shirun da hukuma ke yi a kan kur yana da dalili: kur na rage mata matsin lamba daga ɓangarori biyu. Malami ya samu abin toshe ɓaraka, manyan ma'aikatan da muryarsu ke isa fada kuma sun sama wa ƴaƴansu mafita, don haka lalacewar ajin gwamnati ba ta hana su barci.

Hujja ta huɗu ita ce, ƙarin karatu ko ta wace hanya alheri ne ga ƙasa. Da a ce abin da ake koya ilimi ne mai zurfi, da an saurara. Mafi yawansa kuwa haddar tsofaffin tambayoyi ne da dabarun amsa. Kuma tun da gurabe ƙidayayyu ne, idan kowa ya biya, babu wanda ya matsa gaba. An dai ƙara wa kowa tsadar tsayawa inda yake.

Hani Ba Ya Magani

Mai jin zafin wannan zalunci zai iya cewa a haramta harkar baki ɗaya. An gwada, kuma tarihin gwajin a rubuce yake. A 1980 gwamnatin soja ta Chun Doo-hwan a Koriya ta Kudu ta haramta darasin kuɗi. Harkar ta koma ɓoye, farashi ya tashi saboda haɗarin kamu, masu hali suka ci gaba da saye. A 2000 kotun tsarin mulkin ƙasar ta soke haramcin. A 2023 iyalan Koriya sun kashe fiye da won tiriliyan 27 a kan ƙarin darasi, duk da cewa yawan ɗalibai raguwa yake yi.

A Yulin 2021 ƙasar Sin ta hana kamfanoni neman riba da koyar da manyan darussa ga yaran firamare da ƙaramar sakandare, ta kuma hana yin su a ƙarshen mako da lokacin hutu. Manyan kamfanoni sun durƙushe. New Oriental kaɗai ya sallami ma'aikata kusan 60,000 a wannan shekara. Amma jarrabawar shiga jami'a na nan yadda take, don haka buƙatar ba ta gushe ba. Darasin ya koma cikin gidaje, ya ƙara tsada, mai matsakaicin hali ne ya fita daga kasuwar. Idan ƙasashe masu irin wannan ƙarfin hukuma sun kasa, babu dalilin zaton sufeton makarantu da ke yawo a kan babur zai iya.

Gana ta ba da darasi ta wata fuskar. A 2017 ta mayar da babbar sakandare kyauta, ɗalibai suka yi yawa har aka raba su rukuni biyu masu karɓa-karɓa a 2018. Dogon zaman gida da wannan ya jawo sai ya buɗe kasuwar darasin hutu, masu hali suka biya, marasa hali suka zauna. Abin da aka sauke wa iyaye daga kafaɗar dama ya dawo wa wasunsu a ta hagu. Duk inda lokacin aji ya ragu, kasuwa ce ke cike gurbin, kuma kasuwa ba ta san maraya ba.

Abin da Ya Wajaba

Na farko, a raba malami da aljihun ɗalibinsa. A haramta wa kowane malami karɓar kuɗi daga yaron da yake koyarwa ko yake ba maki, a kuma hana amfani da ajin gwamnati don darasin kuɗi. Wannan hani, saɓanin na gaba ɗaya, mai yiwuwa ne, domin shugaban makaranta da iyaye sun san wanda ke yi. Amma ba zai yi halasci ba sai ya zo tare da biyan malami haƙƙinsa cikakke a kan lokaci. Hukumar da ke riƙe da bashin malami ba ta da bakin yi masa wa'azi.

Na biyu, a riƙa ƙirga sa'o'in da aka koyar da gaske a kowace makaranta, a bayyana wa iyaye. Maye gurbin azuzuwan zana da gini na cikin wannan lissafi, domin kowane aji da aka gina watanni ne aka mayar wa yara.

Na uku, ƙarin darasin ya zama kyauta, a cikin makaranta, a fara da waɗanda suka fi rauni. Wannan ba mafarki ba ne. A Indiya ƙungiyar Pratham ta ɗauki ƴan matan unguwa masu ilimin sakandare suna koyar da yaran da aka bari a baya sa'a biyu a rana, a biranen Vadodara da Mumbai. Binciken da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka yi ya nuna yaran sun ci gaba, kuma mafi rauni su suka fi amfana, da kuɗi kaɗan. A Nijar ma, shirin makaranta don kowa da aka fara a jihar Tawa a 2004 da tallafin Japan ya nuna cewa kwamitocin iyaye na iya shirya bitar lissafi bayan an tashi, ba tare da an kori kowa don rashin kuɗi ba.

Na huɗu, a koyar da yaro a shekarun farko da harshen da yake ji. Kundin da Nijar ta amince da shi a 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ayyanawa a takarda ba ta koyar da kowa karatu. Sai an horar da malamai, an rubuta littattafai, an daidaita kalmomin lissafi da kimiyya, an kuma yi wa sauran harsunan ƙasar irin wannan hidima a yankunansu. Wannan aiki ne da ke jiran ɗaliban harshe kai tsaye.

Na biyar, a fitar da tsofaffin tambayoyin jarrabawa da yadda ake ba da maki ga kowa kyauta, a karanta bitarsu a gidajen rediyon karkara. A kuma riƙa bayyana sakamako dalla-dalla: birni da ƙauye, makarantar gwamnati da ta kuɗi, maza da mata. Tazarar da ba a auna ba, ba a jin kunyarta.

Kammalawa

Uban da ke biyan kur yana yin abin da kowane uba zai yi. Malamin da ke karɓa, in ban da wanda ke tauye ajinsa da gangan, yana neman abin da zai kai gida. Wanda ba shi da uzuri shi ne tsarin da ya ga aji na rushewa, ya bar kasuwa ta zaɓi waɗanda za a ceta, sannan ya tara kowa a ɗakin jarrabawa ya kira sakamakon cancanta. Yaron da ya faɗi a wannan mudu yakan koma gida da yaƙinin cewa shi ne daƙiƙi, iyayensa ma su yarda, alhali ba a taɓa auna ƙwaƙwalwarsa da gaskiya ba. Ƙasa kuma ta yi asarar likita ko injiniya ko malamin da ba za ta taɓa sanin sunansa ba. Matuƙar ana son takardar shaida ta ci gaba da nufin wani abu, dole abin da ake buƙata don cin jarrabawa ya kasance a cikin ajin safe, inda ɗan kowa ke zaune.